Tashar Manchok ba kufai ba ce

Duk inda aka zauna maganar jirgin ƙasa a jihar Kaduna, bakin mutane ɗaya ne: layin dogon Turawa ya mutu, a manta da shi, a gina sabon jirgin cikin gari irin na Abuja. Ni dai ban yarda ba.

Mai wannan ra'ayi ya je Abuja ya gani. A watan Yulin 2018 aka ƙaddamar da jirgin da bashin China, ya tsaya a 2020, bai sake ɗaukar fasinja ba sai 2024. An ɗora wa korona laifi, alhali tun kafin ta zo fasinja ba su taka kara sun karya ba, domin tashoshi da dama an kafa su ne nesa da unguwannin da jama'a ke kwana. Ma'aikacin da sai ya biya kuɗin mota kafin ya hango tasha, me zai sa ya sauka? Sai ya zarce wurin aikinsa kawai.

To, abin da Abuja ta rasa mu muna da shi, mun bar ciyawa tana cinye shi. Kafanchan tasha ce ta haife ta. Tun da dogon Fatakwal ya iso a 1927, reshe guda ya nufi Kaduna, ɗaya ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau tudun Jos, mutane suka taru a gefen dogo, kasuwa ta biyo, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Filin yana nan, hanyar tana nan, ba gidan da za a rushe. Da tsohuwar zuma ake magani. Legas ma jan layin jirginta a hanyar tsohon dogo ta shimfiɗa shi, daga Oyingbo zuwa Agbado.

Za a ce dogon siriri ne, jirginsa ba ya gudu. Manomin citta da mai buhun doya ba tsere suke yi ba, araha suke nema.

A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa ta Kafanchan da Manchok. Wakilanmu na Kaura da Jama'a a Majalisar Tarayya, ku tambayo mana ranar da aikin zai iso Manchok.