Kaye ne ko ba kaye ba? A faɗa mana doka tun ba a busa usur ba

 Yau maganar kokowa ce ta kawo ni, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba, don laifin da zan ambata har da ni a ciki.

A kakar da ta wuce, bayan an ɗaure hatsi, an yi kokowa a wani ƙauye nan kusa da mu. Ba zan faɗi sunan garin ba, waɗanda suka je sun sani. An gayyato baƙi daga ɓangaren Kabi, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su, muna auren juna. Rago aka ɗaure a gindin itace, shi ne na wanda ya yi saura ba a kada shi ba. Karon ƙarshe ya rage tsakanin wani yaronmu da wani baƙo. Sun jima suna lalubar juna, can sai baƙon ya sami ƙafa ya ɗaga. Yaronmu ya tafi zai faɗi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya murɗe, sai ga baƙon kwance da baya. Duka abin bai kai ƙiftawar ido uku ba.

Alƙali ya busa, ya kama hannun baƙo ya ɗaga. Fili ya ɗauki ihu. Dattawa biyu suka shiga suka yi masa magana a kunne, sai ya saki hannun baƙo ya ɗaga na yaronmu. Daga nan ba a sake jin maganar kowa ba. Baƙi suka hau baburansu cikin dare, tuwon da aka tuƙa masu ko taɓa shi ba su yi ba. Ragon ya kwana biyu a ɗaure, don shi kansa yaronmu kunya ta hana shi ja.

Ina cikin masu ihu ran nan, kuma ɓangaren yaronmu nake. Amma abin da ya biyo baya shi ya sa na zauna na yi tunani. Kafin gari ya waye bidiyo huɗu sun shiga WhatsApp, kowane daga kusurwarsa. Duka huɗun abu guda suka nuna: hannu ya taɓa ƙasa, sannan baya ya taɓa. Ba wanda ya yi musun haka, mu ko su. Kuma gardama ba ta ragu ko kaɗan ba. Wani dattijo cikin baƙin ya aiko da murya yana cewa: "Mu garinmu tun kakanni, in hannu ya dahwa ƙasa an gama. Mi anka tsaya jira?" Namu kuma suka ce hannu ɗaya ai tokara ce, kaye sai gwiwa ko gindi ko baya. Kowa ya yi rantsuwa, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa, don kowa da dokar da ya tashi ya tarar.

To ashe idon alƙali bai yi kuskure ba. Mu da muka kira wasa muka tara mutanen gari biyu a fili ɗaya, kowa da dokarsa a ka, ba mu tsaya mun ce yau ga wadda za a bi ba. Sanƙira ya share fiye da awa yana shelar kari: wane ya ba da jika biyu, wance ta ba da turmin zane. Minti biyu na faɗin abin da ake kira kaye a wannan fili, ba wanda ya tuna da shi.

Kada a ce wannan matsalar ƙauye ce kawai. Kokowar Takobi ta ƙasa, tun da aka fara ta a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ta fita daga hannun al'adar gari ɗaya. Jahohi takwas ne ke haɗuwa, kowace da 'yan kokowa goma. Dole aka rubuta doka, aka sa wa karo lokaci, aka kawo gargaɗi ga mai gudun kamu, aka zaunar da alƙalan tebur. Wannan gargaɗin shi ya fi tayar da jijiyar wuya. Ɗan kokowa na iya rasa gurunzuminsa bayansa bai taɓa rairayi ba, don kawai an rubuta masa gargaɗi fiye da abokin karonsa. Tsohon da ke riƙe da rediyo a kunne a nan Karakara, wanda ya san kokowa tun zamanin Salma Ɗan Rani, in ka ce masa an kada wane amma bai faɗi ba, me kake so ya ce? Cewa zai yi an yi cuwa-cuwa. Kuma in ɗan jaharmu ta Doso ne, ko da Isaka Isaka ne mai takobi shida, kafin magariba labari ya gama gari cewa an haɗa baki.

Ni a ganina gargaɗin na da amfani. Ba don shi ba, mai wayo zai yi ta ja da baya har rana ta faɗi, a tashi canjaras. Abin da ke damuna shi ne mutum nawa cikin dubban da ke cika filin Salma Ɗan Rani na Doso za su iya faɗa maka, dalla-dalla, abin da ke jawo gargaɗi, da wanda ke da ikon ba da shi, da abin da ake yi in lokaci ya cika kowa na da ɗaya? Dokar na rubuce cikin Faransanci a hannun FENILUTTE da alƙalanta. Masu wasan da masu kallon da Hausa da Zabarmanci suke gardama. Tun watan Maris na 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. In akwai takardar da ta cancanci a fara juya ta, a karanta ta a gidajen rediyon karkara kowace kaka, ai ta kokowa ce.

Samari da yawa a nan abin da suke cewa shi ne a kawo bidiyo kamar na ƙwallon ƙafa, magana ta ƙare. Ban ƙi ba. A karon da aka faɗi tare, ido ba ya iya raba wanda ya riga taɓa ƙasa, hoto na taimako sosai. Amma ku tuna bidiyonmu huɗu. Ku kuma tuna wasan ƙarshe na kofin zakarun kulob na Afirka a 2019, tsakanin Esperance ta Tunisiya da Wydad ta Maroko. An soke wa Wydad ƙwallo, suka ce a je a duba na'ura, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka fi awa ana jayayya a fili, ƙarshe aka ba Esperance kofi, shari'a kuma ta kai har kotun wasanni ta duniya. Can ma da an tara kowa tun farko an faɗa a sarari cewa yau babu na'ura, hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe, da wuya abin ya kai haka. In haka ta faru a babban filin wasa na Tunisiya, ina ga filin da ko lantarki babu?

Akwai wani misali daga nesa da ya fi kama da namu. A Ostireliya suna da wani wasa, rugbi na mutum goma sha uku-uku, rabinsa gudu rabinsa kokowa, don mai riƙe da ƙwallo kama shi ake a kada. Dokarsu ita ce ƙungiya na da kaye shida. In an kada mutanenta sau shida ba ta ci ba, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. A wasan ƙarshe na gasarsu a watan Oktoba na 2019, tsakanin Canberra da Sydney Roosters, ana 8 da 8 kusa da tashi, alƙali Ben Cummins ya kaɗa hannu alamar an sabunta wa Canberra kaye shida. Nan take ya sake shawara, ya yi ta kiran cewa kaye na ƙarshe ne. Ɗan wasan da ke riƙe da ƙwallo alamar farko ya gani, bai buga ba, ya bari aka kada shi. Ƙwallo ya koma ga Roosters, ba a jima ba suka ci, aka tashi 14 da 8. Shugabannin gasar sun ce hukunci na biyu shi ne daidai. Mutanen Canberra ba su huce ba, don a kan alamar farko yaronsu ya yi aiki. Abin da ya sami baƙonmu ke nan. An ɗaga hannunsa a gaban jama'a, makaɗansa sun fara kirari, sannan aka sauke ba tare da an ce masa uffan ba. Ko da hukunci na biyu ne daidai, yadda aka yi shi wulaƙanci ne.

Daga 2020 masu rugbin suka ba kyaftin damar ƙalubalantar hukunci: in ya yi gaskiya damarsa na nan, in ya yi kuskure ta ƙare a wannan wasa. Wannan ya burge ni, don yana hana ƙorafi kan kowane busa, kuma yana ba wanda aka cuta ƙofar da zai bi ba sai ya ɗauki dutse ba.

Amma waɗanda suka fi kusa da mu su ne 'yan kokowar Japan, sumo. Alƙalin tsakiya dole ya nuna wanda ya ci, ko da yana shakka. Akwai alƙalai biyar zaune kewaye da da'ira, kowanensu na iya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Sai su hau fili su tattauna a gaban kowa. In sun gama, babbansu ya ɗauki lasifika ya faɗa wa jama'a abin da aka yi shakka a kai da abin da aka yanke: an tabbatar, an juya, ko a sake karo. Bidiyo sun fara amfani da shi tun 1969, bayan wani hukuncin kuskure ya katse wa gwarzonsu Taiho nasara 45 a jere. Abin lura, bidiyon bai sa sun daina bayani ba. Wannan bayanin shi ne abin da ba mu da shi, kuma ba ya cin ko dala.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: kokowa gadon kakanni ce, ba abin takarda ba. Baba, da girmanka, ai kakannin ma ba su yi ta a duhu ba. Gari ɗaya ne, doka ɗaya, kowa ya sha ta a nono. Yanzu babur na kawo ɗan kokowa daga Kamba ko Malanbil cikin yini ɗaya, yaranmu kuma suna kallon Takobi a tele suna ɗauko wata dokar. Fili ɗaya, doka uku. Wasu kuma za su ce duk wannan zance ne, alƙalai son kai gare su, wasu ma ana shafa masu. Ban ce babu ba. Akwai kuma 'yan caca a bayan fili da ba su da gari sai kuɗinsu, su ne kan fara jifa. Sai dai mai son kai inda doka ba ta fito fili ba nan yake samun wurin ɓuya. In an shelanta gaban mutum ɗari biyar cewa hannu ɗaya ba kaye ba ne, wane alƙali ne zai ɗaga hannun da bai ci ba ya kwana lafiya a garin? Shi ma alƙalin kirki kariya ce gare shi. Wanda ya busa mana ran nan manomi ne kamarmu, goro da kuɗin mai kawai aka ba shi, yau kusan shekara ana nuna shi da baki a kasuwa.

Roƙona ga masu shirya kokowar bana, sarakunan samari da masu gari da 'yan komin ɗin da ke sa hannu. Kafin karon farko a kira shugaban kowace tawaga tsakiyar fili, a daidaita kan abin da ake kira kaye, sanƙira ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Zabarmanci ko Fulatanci in akwai masu buƙata. A zaunar da dattawa uku, ɗaya na gida, ɗaya na baƙi, ɗaya daga garin da ba shi da ɗa a wasan, su kaɗai ke da bakin tsayar da hukunci. Alƙali in yana shakka kada ya yi saurin ɗaga hannun kowa, ya tsayar da su biyun tukuna. In an yanke, a faɗi dalili da ƙarfi. In dattawan sun kasa haɗa baki, a sake karo, ba abin kunya ba ne. Wanda kuma ke fatan yaronsa ya bi ta zaɓen Jinju ko Gaya ya kai Doso, gara tun yanzu a riƙa yi masa alƙalanci da dokar da zai tarar can, kada ya je ya yi tokarar da aka yafe masa a gida a ce masa ya faɗi, ko ya yi ta ja da baya a rubuta masa gargaɗi yana mamaki.

Baƙinmu na Kabi dai har yau ba a aika masu goron gayyata ba, kowa na jiran wani ya fara. Na yi magana da yaronmu ranar kasuwa, ya ce shi ba ragon ke gabansa ba, in za a sake haɗa su a faɗi doka gaban kowa, a shirye yake. Ga hatsi ya fara nuna. Masu gari, wa zai ɗauki goron?