Wanda Ya Juya Baya Ya Ruga, Harsashi Ne Hukuncinsa?

Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono irin su Faruruwa, maganar da ake ji a bakin mutane ita ce: a harbe su kawai. Wanda aka kore masa shanu ba za a ga laifinsa ba.

Sai dai ba kowane mai gudu ne ɓarawo ba. Saurayin da ya baro gonar gero da fartanya a kafaɗa, ya hango motar 'yan sanda, tsoro kaɗai ya isa ya sa shi arcewa.

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya halatta amfani da ƙarfi don hana tserewa. Tsohon umarnin 'yan sanda mai lamba 237 ma ya ba da damar harbin mai gudu idan laifinsa ya kai ɗaurin shekara bakwai. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka gyara shi: bindiga sai in rai na cikin haɗari. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke makamancin haka tun 1985.

Gyaran ya yi daidai. Saura a koya wa kurtun da ke tsaye a shingen hanyar Shanono, a kuma binciki duk harsashin da ya fita.