A Sa Ido Kan Masu Gyaran Firji

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan wata sana'a da ta cika garuruwanmu, amma ba mai tambayar masu yin ta inda suka koya, wato gyaran firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki.

Ni manomi ne a Watari, ƙaramar hukumar Bagwai. Muna noman rani albarkacin dam, kuma ina da ɗan shagon ruwan leda da zoɓo da ƙanƙara. A azumin 2024, daidai lokacin da ƙanƙara take kasuwa, firizata ta daina sanyi. Aka haɗa ni da wani saurayi, ya zo da tukunyar gas a bayan babur, ya ɗura mata, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kwana uku kwamfiresa ta ƙone. Da na kai ta Kano wurin wani dattijon makanike, sai ya nuna mini rubutu a bayanta, R600a, ya ce gas ɗinta ke nan, amma wani daban aka ɗura mata. Sai da na sayar da buhunan shinkafa kafin ta tashi. Da na koma wa saurayin, cewa ya yi ƙaddara ce. To, mun yarda da ƙaddara, amma wa zai biya?

Asarar kuɗi ma mai sauƙi ce, jama'a. Dattijon nan ya fahimtar da ni cewa gas ɗin da, wato R12, ba ya kama wuta, sai dai yana huda wani rufi na sararin samaniya da yake kare mu daga mugun hasken rana. Shi ya sa ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Montiriyal a 1987, kuma zuwa 2010 aka hana shi a ƙasashe irin tamu. R22 na na'urar sanyaya ɗaki shi ma ana janye shi sannu a hankali. Daga cikin waɗanda suka maye gurbinsu akwai R600a da R290, su kuwa dangin gas ɗin girki ne, da sun ga wuta sai su kama. Yanzu ka duba yaron da ya koyi aiki a hannun maigidan da ya saba da tsohon gas, ya kunna wutar walda a ƙuntataccen shago alhali akwai sauran gas a bututu. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ya san yadda wuta take tsallakawa daga shago zuwa shago, ko mene ne mafarinta.

Ƙanena yana gadi a wani otal na bakin teku a Legas. Ya ce can iskar gishiri ce take cin ƙarfen na'urorinsu, kullum cikin gyara suke, amma ba mai taɓa su sai kamfani mai rajista da takardar ƙwarewa da inshora, in ya ɓata a biya. Mu nan ƙura ce da zafi da wutar lantarki mai hawa da sauka, ga firizar sola ta fara shiga ƙauyuka, amma talaka ba shi da inda zai kai kuka.

Kuma ba wai babu takardar ba ce. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a mai mataki uku, ga ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NARAP. Batun inshora kuwa, na san mutanenmu suna ƙyamarta saboda addini, to ai yanzu akwai takaful, wadda aka tsara bisa shari'a. Ƙungiya za ta iya shigar da 'ya'yanta a dunƙule, kowa ya riƙa zuba ɗan abu kamar adashi.

Sai dai ina jan kunnen hukuma. Kada lasin ya zama wata sabuwar hanyar tare mutane a titi ana yankar musu rasit. Da yawa daga cikin gwanayen gyaran nan ba su yi boko ba, in aka ce jarrabawar takarda ce da Turanci, su za a kayar, mai baki ya wuce. A yi gwajin da Hausa, a ajiye wa mutum firji a gabansa ya gyara a gani. Kuma a kawo shi kusa, ga kwalejin ilimi ta fasaha nan a Bichi, ba sai yaro ya kashe kuɗin mota zuwa Kano ba. Wanda ya ci a ba shi kati mai hoto, yadda ni mai shago zan ce ya nuna mini kafin ya kwance tukunyar gas daga babur.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Watari, Bagwai, Jihar Kano.