Manhaja da injin ban-ruwa

Jama'a, manomin albasa a fadamar Goronyo ba ya sayen injin ban-ruwa sai ya tabbatar akwai kayan gyaransa a Sakkwato. Haka ya kamata masu shagunan kwamfuta a Wurno da Rabah su auna kowace ƙaramar manhajarsu: mai ita yana nan, yana gyara ta? Dubi 7-Zip mai matse fayiloli. Tun 1999 Igor Pavlov ke sabunta ta, kuma kyauta. Wani zai ce, "Tawa tana aiki, ina ruwana da mai ita?" Tana aiki yau. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, kuma ranar da ka koma sabuwar Windows, manhajar da ubangidanta ya yasar tana iya ƙin buɗewa, ga ɗalibai a layi.