Kowa ya ci zomo ya ci gudu

A watan Agusta na 2016, sa'ad da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa ta taikwando a wasannin Olimpik na Riyo, birnin Yamai ya kaure da guɗa. Rabon Nijar da lambar Olimpik tun 1972, lokacin da ɗan dambe Isaka Dabore ya samo tagulla a Minik. Kowa ya ga lambar, amma ƙalilan ne suka tambayi hanyar da ta biyo.

Yana ƙarami mahaifinsa ya hana shi wasan, domin wani ɗan'uwansu ya rasu sanadin raunin da ya ji a fage. Sai da ya koma Togo wajen dangi sannan ya sake shiga, a ɓoye. Daga baya ya yi baƙunci a Jamus, yana horo cikin sanyi, nesa da gida. A 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Haka abin yake a kasuwa. In Alhaji ya gina bene a Maraɗi, sai ƴan zaman banza su ce asiri ne. An manta da shekarun da ya yi yana yaron kanti, yana kwana bisa buhun albasa, yana jiran duwan ta sallame shi.

Abin takaici, mai hali da mai ofis sun fi son tarbar gwani a filin jirgi. Alhali akwai yara a Damagaram da Tawa waɗanda kuɗin mota kaɗai ke hana su zuwa gasa. Ranar gudu taimako ke da amfani. Ranar cin zomo kuwa, maciya ba su ƙirguwa.