Hasumiyar da ke auna numfashin daji

Uwargida, kin san daji ma yana numfashi? Da rana ganye na zuƙe iskar kabon, irin wadda murhunmu ke fitarwa, da dare ya saki kaɗan. A Zotino da ke Saiberiya, ƙasar Rasha, masana sun kafa hasumiya mai tsawon mita 304 a 2006 don auna wannan iska.

Damuwarsu tana ƙarƙashin ƙasa: ganye da saiwoyin da ƙanƙara ta daskarar shekaru dubbai. Kabon ɗin da ke ciki ya kusa ninka na sararin sama. Kamar nama ne a firji, aka ɗauke wuta. Da ƙanƙarar ta narke sai ya ruɓe, iskar ta tashi, duniya ta ƙara zafi.

To ina ruwan matar Sunke? Ai iska ba ta san iyaka ba. Ɗumamar na tsananta zafin bazara da ruwa mai ɓarna irin wanda ya ci gidaje a Gummi a 2024. Ni dai ban ɗora wa murhunki laifin ba, hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Bana in zafi ya matsa, jaririn da bai kai wata shida ba a ƙara masa nono, ba ruwa ba.