Canjin Kuɗi a Ajantina: Wa Ya Yi Hasara?

Daga 1970 zuwa 1992, sau huɗu gwamnatin Ajantina tana canja kuɗin ƙasar. Kowane karo sai a goge sifiri daga jikin takarda: 2 a 1970, 4 a 1983, 3 a 1985 da aka fito da austral, 4 kuma a 1992. Sifiri 13 ke nan! Austral ɗin ma bai tsinana kome ba, domin gwamnati ta ci gaba da buga kuɗi tana biyan bukatunta, har a 1989 farashin kaya ya ninka fiye da sau 30.

Masu hali tuni suka mai da dukiyarsu dala. Lebura kuwa, mai tari a ƙarƙashin katifa kamar yadda ɗan ci-rani a Shagamu ke tara guzurin komawa gida, shi ne ya wayi gari da damin takardun da ba su sayen mudun gari.